SABO TURKEN WAWA: ABIN DA ƁERAYE SUKA KOYA WA LIKITOCI GAME DA ƘWAYAR KASHE ZAFIN CIWO

Wannan shi ne jawabin da wani ma'aikacin lafiya, masanin haɗa magunguna, ya yi wa malaman azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari. Mun kawo shi domin a karanta a aji, a kuma karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.



Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta maku. 'Yan'uwana malaman yaƙi da jahilci maza da mata, waɗanda suka taso daga Boɗinga da Sifawa da Shagari da Kajiji da Dandin Mahe da sauran garuruwa, sannunku da hanya, sannunku da ƙoƙari.

Kwanan baya wani dattijo ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Malam, yarona ya fara da ƙwaya ɗaya in zai tafi gona. Yanzu sai ya sha huɗu, kuma yana cewa ba ta yi masa komai. Shin maganin ne aka rage wa ƙarfi? Kuma babu wani abu da za a ba shi ƙwayar ta koma kama shi kamar da?" Wannan tambaya ita zan amsa yau, domin na san dattijon nan ba shi kaɗai ke da ita a zuciya ba. Masana a ƙasashen duniya sun shafe shekaru masu yawa suna neman amsarta, kuma mafi yawan binciken a jikin ɓera aka yi shi, wato kusu kamar yadda muke cewa a nan.

WANE IRIN MAGANI MUKE NUFI?

Magungunan kashe zafin ciwo iri-iri ne. Akwai masu sauƙi kamar farasitamol. Akwai kuma wani gida na masu ƙarfi, waɗanda asalinsu daga ƙaron wani fure ne da ake nomawa a ƙasashen Asiya. Wajen shekarar 1805 wani Bajamushe mai koyon haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin da ke cikin ƙaron nan, wanda yau ake kira mofin. Kodin da ke cikin wasu magungunan tari ɗan gidan ne. Haka allurar fenta. Haka tiramadol, wadda samari ke kira tiramol, wadda aka haɗa a Jamus a 1962 aka fara sayarwa a 1977. Hodar iblis ta hirowin ma 'yar gidan ce.

Kada a fahimce ni a karkace. Waɗannan magunguna rahama ce daga Allah ga wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya karye, da mai ciwon daji, da mai amosanin jini idan ciwonsa ya tashi. Amma suna da wani hali guda, kuma shi ne tushen maganarmu. Jiki yana sabawa da su.

KWAƊO DA MABUƊI

A 1973 masana a Amurka da Suwidin suka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwa da lakar baya akwai wasu ƙananan wurare da mofin ke zuwa ya kama. Ku ɗauke su kamar kwaɗon ƙofa, shi kuma maganin mabuɗi ne. In mabuɗi ya shiga, sai saƙon zafi ya ragu kafin ya kai ga hankalin mutum. A 1975 kuma, a Jami'ar Aberdeen da ke Sikotilan, John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera irin nasa mabuɗin. Ashe Ubangiji ya riga ya ajiye mana maganin zafi a cikin jikinmu, ɗan daidai gwargwado.

To, me ke faruwa idan mutum ya dinga cusa wa jiki mabuɗin waje kullum? Jiki ba ya son a fi ƙarfinsa. Sai ya toshe wasu kwaɗunan, ya janye wasu, ya kuma ƙara wa jijiyoyi kaifin ji domin ya daidaita. Ku tuna da mutumin da gidansa ke jikin injin niƙa. Makon farko ba ya barci. Bayan wata uku, ko a jikinsa. Injin bai rage ƙara ba, kunnensa ne ya saba. Amsar tambayar dattijo ta farko ke nan: ƙwayar tana nan da ƙarfinta, jikin yaron ne ya canza.

Kuma ranar da aka rasa ƙwayar, sai jikin da ya riga ya karkata ya rikice: hamma, zufa, majina, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Daga nan mutum ba don aiki yake sha ba kuma, yana sha ne don kada ya kwanta. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ga turken nan.

Sai ku lura da wani abu mai haɗari. Sabon ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa a dukkan jiki. Daɗin ƙwayar da kashe zafinta suna gushewa da wuri. Amma yadda take danne numfashi ba ya gushewa da wannan saurin, taurin bayan gida kuwa kusan ba ya gushewa ko kaɗan. Ita tiramol har da ƙari: yawanta yana jawo farfaɗiya. Saboda haka duk ƙwayar da aka ƙara, ribarta kaɗan ce, haɗarinta kuwa cikakke.

YAYA AKE TAMBAYAR ƁERA KO YANA JIN ZAFI?

Wani zai ce, ɓera ba ya magana, ta yaya za a san magani ya kama shi? A 1941 wasu masana biyu a Amurka, D'Amour da Smith, suka fito da dabara. Ana haska wa jelar ɓera fitila mai ɗumi, ana duba agogo. Lafiyayyen ɓera yana fizge jelarsa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. In aka yi masa allurar mofin, sai ya daɗe bai fizge ba, har sai an kashe fitilar don kada ya ƙone. In aka ci gaba da yi masa allura iri ɗaya safe da yamma, cikin 'yan kwanaki sai ya koma fizgewa da wuri kamar ba a ba shi komai ba. Sabo ke nan, an auna shi da agogo.

Da wannan ma'auni masana suka shiga neman abin da dattijonmu ya tambaya: ko akwai abin da za a haɗa da mofin ya hana jiki sabawa? Zan ba ku labarin ƙoƙari biyu.

AN CI NASARA A ƁERA, A MUTUM KUWA SAURA

Na farko, a 1991 a Jami'ar Michigan ta Amurka, Keith Trujillo da Huda Akil, wata masaniya haifaffiyar ƙasar Siriya, suka ba ɓeraye mofin tare da wani sinadari mai suna MK-801. Wannan sinadari yana toshe wata hanya da ƙwaƙwalwa ke bi wajen koyo da riƙe abu. Sai ga shi ɓerayen ba su saba da mofin kamar 'yan'uwansu ba. Wannan ya nuna cewa sabo wani irin koyo ne da jijiyoyi ke yi. Masana suka yi murna ƙwarai. Amma shi sinadarin ba ya shayuwa ga ɗan Adam, domin yana rikita hankali. Sai aka nemo wani magani mai aiki kusa da nasa, aka haɗa da mofin a ƙwaya ɗaya, aka gwada a kan ɗaruruwan majinyata a manyan gwaje-gwaje uku. Sakamakon ya fito a 2005. Haɗin bai fi mofin shi kaɗai ba, kuma bai hana sabo ba.

Na biyu, a 1999 da 2000 a Jami'ar Duke, ita ma a Amurka, Laura Bohn da abokan aikinta suka yi aiki da wasu ɓeraye da aka haifa ba su da wani ɗan sinadari, wanda aikinsa shi ne toshe kwaɗon da muka ambata. A jikin waɗannan ɓeraye mofin ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa, kuma ba su saba da shi ba. Amma da aka yanke masu maganin, sun shiga wahalar rashinsa kamar kowa. Daga baya aka yi zaton ko numfashinsu ma maganin bai cika dannewa ba, har kamfanoni suka zuba kuɗi don ƙera sabon magani a kan wannan tunani. A 2020 ɗakunan bincike uku, a Jamus da Ingila da Ostireliya, suka sake gwajin, suka tarar numfashin ɓerayen yana dannuwa kamar na sauran. Sabon maganin da aka ƙera ya sami izini a Amurka a wannan shekara ta 2020, amma allura ce da ake yi a asibiti kawai, kuma tana ɗauke da gargaɗi iri ɗaya da na mofin.

Me ya sa abin da ya yi a ɓera ya ƙi yi a mutum? Ɓeran gwaji lafiyayye ne, abincinsa ɗaya, ɗakinsa ɗaya, kuma gwajin na 'yan kwanaki ne. Mutum kuwa yana da ciwo na gaskiya, da damuwa, da bashi, da abokai, kuma shekaru yake yi yana sha. Binciken bai zama banza ba, domin shi ya koya mana yadda sabo ke faruwa, kuma ana nan ana ci gaba da shi. Amma ga amsar tambayar dattijo ta biyu: har yau babu wata ƙwaya ko jiƙo da ake sayarwa wadda aka tabbatar tana wanke sabo ta mayar da tiramol sabuwa a jikin mutum. Duk wanda ya ce maku yana da ita a kwali ko a bayan babur, kuɗinku yake so. Haɗa ta da ƙwayar barci ko giya ko maganin tari don ta ƙara kamawa kuwa, hanyar kabari ce mafi kusa, domin dukkansu numfashi suke dannewa.

DARASIN DA YA FI SHAFAR MU

Akwai gwaji na uku, kuma ina roƙon ku riƙe shi ko da kun manta sauran. A 1982 Shepard Siegel na Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, shi da abokan aikinsa, suka saba wa ɓeraye da hirowin a hankali, kullum a ɗaki guda. Ranar ƙarshe aka yi masu allura mai yawa. Waɗanda ba su taɓa sanin maganin ba, kashi 96 cikin ɗari suka mutu. Waɗanda suka saba, aka kuma yi masu allurar a ɗakin da suka sani, kashi 32 suka mutu. Waɗanda suka saba daidai da su, amma aka kai su wani ɗaki dabam, kashi 64 suka mutu. Magani ɗaya, yawa ɗaya, canjin wuri kawai ya ninka mutuwa.

Dalili shi ne, jiki yana gane wurin da aka saba ba shi ƙwaya, sai ya shirya tun kafin ta iso, kamar yadda yawu ke tsinkewa in an ji ƙamshin miya. A baƙon wuri ba ya shiryawa. Wato sabon da matashi ke taƙama da shi, yana cewa shi ƙwaya ba ta kayar da shi, garkuwa ce ta kara.

Sabo kuma yana zubewa idan aka daina sha. A jihar Washington ta Amurka an bi diddigin fursunoni kimanin 30,000 da aka sallama, aka buga sakamakon a 2007. A makonni biyu na farko bayan fitowarsu, haɗarin mutuwarsu ta hanyar yawan ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Sun koma kan adadin da suka bari, alhali jikinsu ya riga ya manta.

Ku kawo wannan gida. Yaron da ya kwanta asibiti mako uku. Yaron da aka tsare, aka sako. Yaron da iyaye suka kai wajen malam ya yi wata biyu. Wanda ya tuba a watan azumi, ya zame ranar Salla. Ɗan ci-rani da ya sauka baƙon gari, ko ya dawo gida bayan ya daɗe bai samu ba. Duk waɗannan, ranar da suka koma wa ƙwaya ita ce rana mafi haɗari a rayuwarsu. Lokacin da iyaye ke cewa alhamdu lillahi ya daina, lokacin ne ya fi bukatar a sa masa ido, a ja shi a jiki.

HALIN DA MUKE CIKI

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. A cikinsu miliyan 4.6 irin waɗannan magunguna na kashe zafi suka sha ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana ƙerawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoto na BBC. A Fabrairun 2025 kuma wani rahoton BBC ya bankaɗo wata ƙwaya mai haɗin magani biyu da ake turowa Afirka ta Yamma daga Indiya, gwamnatin Indiya ta hana ƙera ta. In an toshe wannan ƙofa, 'yan kasuwar sai su buɗe waccan.

A karkara ba don nishaɗi ake fara sha ba. Ana farawa ne don huɗa da noma da yankan shinkafa a fadama, da ban ruwan albasa da rani, da lodi ranar kasuwa, da kabu-kabu. Abin bai tsaya ga mutane ba. A 2013 wasu masana suka ba da labarin cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru, har aka ɗauka itacen ne ke ƙera ta. A 2014 wasu masanan daga Jamus da Kamaru suka bi sawu, suka gano cewa manoman arewacin ƙasar suna sha, suna kuma ba shanun huɗa domin su jure aiki a rana. Fitsarin mutane da na shanu ne ya kai ƙwayar cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa. Jama'a, gajiya saƙo ce daga jiki cewa a huta. Ƙwaya ba ta ƙara wa sa ko mutum ƙarfi, kashe ɗan aiken kawai take yi.

MASU CIWO NA GASKIYA FA?

Kada wannan magana ta sa mu hana majinyaci haƙƙinsa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi kowace shekara. In ciwonsu ya tashi suna bukatar magani mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a kira su 'yan ƙwaya. Haka mai ciwon daji. In maganinsa ya rage kama shi, wannan halin jiki ne, ba lalacewar tarbiyya ba.

Likitoci suna da hanyoyin rage sabo da aka jarraba a kan mutane. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara bayar da maganin zafi hawa-hawa kamar tsani, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Likita yakan ba da mafi ƙarancin abin da zai isa, na gajeren lokaci. Yakan haɗa da farasitamol ko makamancinsa don a rage mai ƙarfin. In jiki ya saba da wannan, yakan sauya zuwa wani ɗan gidan da lissafi. In lokacin dainawa ya yi, yakan rage a hankali. Sannan yakan nemi tushen ciwon, domin wani lokaci ciwon ne ya ƙaru. Duk wannan aikin likita ne. Mai amosanin jini da ya koma yi wa kansa allurar fenta a ɗaki yana jawo wa kansa gyambo da sanƙarewar nama da sabon da ya fi ciwon wuyar fita. A kai shi asibiti, ko a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

SAƘO GA MALAMAI

Yanzu na zo kanku, malaman yaƙi da jahilci. Ga abubuwa biyar da nake roƙon ku kai aji.

Na ɗaya, ku koya wa ɗalibanku karanta lambar da ke jikin kwalin magani. Tiramadol da hukumar NAFDAC ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100, kuma da takardar likita ake saye. Mai 200 da mai 225 da mai 250 kayan fasa-ƙwauri ne. Ko a asibiti likita ba ya wuce wa babban mutum miligiram 400 a yini. Ku rubuta a allo: 225 a tara da 225. Ɗalibi da kansa zai ga 450, ya ga ƙwaya biyu kacal sun ƙetare iyaka. Darasin lissafi ne, kuma yana iya ceton rai.

Na biyu, duk wanda maganinsa ya daina kama shi, ya koma wurin wanda ya rubuta masa. Kada ya ƙara da kansa, kada mai kemis ko mai talla ya ƙara masa.

Na uku, wanda ya daɗe yana sha yana son dainawa, a taimaka masa ya je asibiti. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kuma hukumar NDLEA tana ba da shawara ga masu son rabuwa da ƙwaya. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Duka da ɗauri da mari ba sa kwance sabo.

Na huɗu, ku faɗa wa kowane gida cewa wanda ya yi hutu daga ƙwaya, jikinsa ya koma na sabon shiga. Adadin jiya yana iya kashe shi yau.

Na biyar, ku san alamun haɗari. In an ga mutum yana barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun sauya launi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, kada a ce a bar shi ya huce. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota ko babur mai ƙafa uku, a garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloson da ke warware wannan irin maye in an kai shi da wuri. In farfaɗiya ce, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki.

Shi dattijon da ya yi mini tambaya, na gaya masa abin da na gaya maku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ba magani zan nemo masa ba, hannunsa zan kama mu tafi asibiti." Na ce, "Baba, ka gama magana."

Masana suna can suna aiki da ɓerayensu, muna yi masu fatan alheri, wata rana Allah ya sa a dace. Kafin ranar ta zo, rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan a hannun iyaye da malamai da sarakuna yake.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.